Fom ɗin da ya kwana tara a ƙofar firij

Kwana tara fom ɗinnan ya yi manne a ƙofar firij ɗinmu, duk sanda na zo ɗaukar ruwa sai mun haɗa ido in kau da kai. Babban yarona ne ya kawo shi, shekararsa 11, wai ƙungiyar yara ta unguwa ta buɗe rajistar kakar bana kuma duk abokansa an sa musu hannu saura shi kaɗai (daga baya na gano mutum biyu ne "duk abokan" nasa). Ƙwallon Amurka nake nufi fa ba tamaula ba, wannan da ake kifa hular kwano a ka a sa kafaɗun roba, mutum ya rungumi ƙwallo mai kama da gwanda ya zura da gudu, ƙarti su bi shi su maka da ƙasa su danne.

Shafi uku ne. Na farko suna da adireshi da kuɗi, na biyu lambar riga da wando, duk wannan ba komai. Na ukun ne ya tsaya min a maƙogwaro, takarda ce da dokar jihar Ohayo ta ce dole uba ko uwa su sa hannu cewa an yi musu bayanin buguwar ƙwaƙwalwa, in yaro ya fara jiri ko amai ko ya manta abun da ya faru ko haske na damun idonsa to a cire shi daga fili kuma ba zai dawo ba sai likita ya yarda. Duk jihohi 50 suna da irin dokar yanzu, jihar Washington ce ta fara a 2009 saboda wani yaro Zackery Lystedt, yana da shekara 13 a 2006 kansa ya bugu a wasa aka mayar da shi fili, ana tashi ya yanke jiki ya faɗi, watanni ya yi bai iya magana ba balle tafiya. Toh ka ji wasan da sai ka sa hannu a irin wannan takarda kafin ɗanka ya shiga.

Maman yara ita tun ranar farko ta yanke hukunci. "Abban yara ni dai ba da yawuna ba, in ka sa hannu kai ka sani." Shi kuma gogan kullum da safe kafin motar makaranta ta zo sai ya tsaya ya marairaice, "Abba don Allah, ranar Juma'a fa ake rufewa." Ni kuma ina tsakiya ina ta kame-kame wai ina nazari.

Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane nauyin abun ba. A Ohayo daren Juma'a na sakandare ne, Asabar ta jami'a, Lahadi ta NFL wato gasar ƙwararru, haka ake yi daga ƙarshen Agusta har sanyi ya kankama. Filin jami'ar Ohio State da ke Columbus yana cin mutum sama da dubu 100 kuma cika yake yi don kallon ɗalibai, ɗalibai fa. A garin Canton aka kafa NFL ɗin kanta a 1920, kuma maƙwabcinsa Massillon suna da wata al'ada da ta daɗe, in an haifi ɗa namiji a asibiti sai a kawo 'yar ƙaramar ƙwallo a ajiye masa a gado tun bai san nono da kyau ba. A irin wannan wuri in ka hana yaro wasan nan ba wasa kaɗai ka hana shi ba, ka zare shi ne daga cikin sa'o'insa, hirar da za a yi ranar Litinin a aji babu shi a ciki.

Amma duk da haka iyaye da yawa sun zare nasu, ba ni na fara ba. Ƙungiyar NFHS da ke tattara lissafin wasannin sakandare ta nuna a kakar 2008 zuwa 2009 samari kusan miliyan 1.1 ne ke buga na mutum sha ɗaya, bayan shekara goma ya sauko da kusan dubu 100, a kakar 2021 zuwa 2022 bayan korona har ƙasa da miliyan ya yi, sannan ya ɗan farfaɗo ya koma sama da miliyan kaɗan. Har gobe shi ne wasan da samari suka fi yi a sakandare, kar wani ya ce maka ya mutu. A wajen ƙanana ne abun ya fi nunawa, Pop Warner wadda tun 1929 take shirya wa yara gasa ta rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na yaranta tsakanin 2010 da 2012 kawai.

Ruwa ba ya tsami banza. A 2002 wani likita mai binciken gawa a Pittsburgh, Bennet Omalu, ɗan Najeriya ne daga Anambra, aka kawo masa gawar Mike Webster tsohon gwarzon ƙungiyar Steelers ta NFL wanda ya mutu yana da shekara 50 bayan rayuwarsa ta tarwatse, har a mota yake kwana. Omalu bai san komai kan wasan ba, wataƙila shi ya sa ya ga abun da 'yan gida ba sa son gani, ya yanka ƙwaƙwalwar ya duba ya ga lalacewa irin ta 'yan dambe, ya wallafa a 2005, cutar da yanzu kowa ke kira CTE. NFL da farko ƙaryata shi suka yi har likitocinsu suka nemi a janye takardar. A 2017 masu bincike a jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsoffin 'yan NFL 111 suka samu cutar a 110, cikin waɗanda suka tsaya a jami'a 53 kuma suka samu a 48. Gaskiya sai an yi adalci a nan, iyalan da suka ga alamun rashin lafiya su ne suka fi ba da ƙwaƙwalwar mamacinsu, don haka ba wai kowane ɗan wasa haka yake ba. Amma uwa in ta ji 110 cikin 111 ba ta tsayawa jin sharhi. Shi kansa Obama a 2013 yana shugaban ƙasa ya ce da yana da ɗa namiji sai ya yi dogon tunani kafin ya bar shi ya buga.

Kuma in ka lura ba kowa ne ya janye ba. Jaridar Washington Post ta bi diddigin abun a ƙarshen 2023, inda aka fi janyewa unguwannin masu hali ne, a kudancin ƙasar da wuraren talakawa kuwa wasan na nan daram. Ɗan likita da ɗan lauya suna da wata hanyar zuwa jami'a. Wanda sikolashif ɗin ƙwallo ce kaɗai tsaninsa shi ba ya da zaɓin jin tsoro.

Toh ina cikin wannan lissafin ne na tuna wani abu da na gani a watan Yuni. Jami'o'i suna buɗe sansanin horo na kwana ɗaya ko biyu lokacin hutu, kowa ya biya kuɗi ya zo a gwada shi, na raka wani maƙwabcina da ɗansa na sakandare zuwa wata jami'a, nawa yaron ma ya maƙale sai da aka tafi da shi. Muna zaune a benci rana na dukanmu sai ga wata bas ta tsaya, samari suka dinga firfitowa su kusan talatin riga iri ɗaya, wasu farare wasu baƙaƙe, kowanne sai ya sunkuya kafin ya fito daga ƙofa, suna ta Jamusanci da Faransanci da wasu yarukan. Aka jera su aka cire musu takalmi, a hau sikeli, a jingina da bango a auna tsawo, a ware hannuwa a ja tef daga wannan yatsa zuwa wancan, har tafin hannu sai da aka auna daga babban yatsa zuwa ƙarami, sannan gudun yadi 40 kociyoyi uku kowa da agogonsa a hannu. Akwai wani dogo a cikinsu wallahi wani koci zagaya shi ya dinga yi yana kallo sama da ƙasa irin kallon da mai saye ke wa ingarma, bai ce masa uffan ba sai rubutu yake a takarda.

Da aka ba su hutun shan ruwa na matsa kusa da dogon na tambaye shi daga ina, ya ce Suwidin, shekararsa 17, ƙwallon hannu yake bugawa da. Na ce yaushe ka fara wannan ɗin? Ya ɗan yi lissafi da yatsu ya ce wata goma sha huɗu. A YouTube ya fara gani. Kafin mu bar wurin na hango shi an ja shi gefe shi da wani babba a cikin kociyoyin ana ta dafa masa kafaɗa ana ɗaukar hoto, shi kuwa ɗan maƙwabcina da tun yana shekara bakwai yake haɗa kai da yara, ya san duk wata dabara, ko kallo bai ishe su ba saboda tsawonsa bai kai ba. Uban bai yi magana ba har muka iso gida.

Irin wannan yawon bas wani Ba'amurke ne Brandon Collier ya yi suna da shi, tsohon ɗan wasan jami'ar Massachusetts ne da ya je Turai buga ƙwallo ya ga ƙarti na yawo babu mai kallonsu, sai ya kafa PPI Recruits yana kwaso su duk bazara yana zagayawa da su jami'a jami'a. Ta hannunsa Hero Kanu ɗan Jamus ya bi, tamaula yake bugawa a can, ya zo ya yi sakandare a Kalifoniya, a 2022 Ohio State ta ɗauke shi. Björn Werner wanda ya taso a Berlin ya buga wa Florida State har aka zaɓe shi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasan NFL a 2013 shi ma ya koma yana turo yara makarantun kwana na Amurka. Ita kanta NFL ta buɗe makarantar horo a Landan a 2019, ta mayar da ita Loughborough a 2022, ta buɗe wata a Gold Coast ta Ostiraliya a 2024, ga Osi Umenyiora da ya ci Super Bowl, wato kofin NFL, sau biyu da ƙungiyar Giants yana ta shirya sansanin gwaji a Afirka, Gana a 2022, Kenya a 2023, Legas a 2024. Har wasan buɗe kaka jami'o'i ke zuwa yi a Dublin yanzu.

Na ji masu cewa ai shikenan, Amurkawa sun tsorata sun janye 'ya'yansu shi ya sa aka koma ɗebo 'ya'yan wasu su zo su fasa kai. Maganar tana da daɗin faɗa kuma ni ma na taɓa faɗarta a wani zama har aka tafa min, amma lissafi bai ba da haka ba. Manyan ƙungiyoyin jami'a 130 da 'yan kai ne, shekara da shekaru kowacce sikolashif 85 aka yarda ta bayar, ka ga gurbi dubu 11 da wani abu kenan, a gabansu kuma ga samari miliyan guda a sakandare suna layi. Babu wani ƙarancin yara, baƙin kuma ba su taka kara sun karya ba a cikin wannan adadi. Abun da ke ƙaranci shi ne jiki, mutum mai ƙafa shida da rabi da dogon hannu wanda kuma zai iya gudu, irinsu ko a Amurka tun suna aji uku na sakandare Alabama da Georgia da Ohio State sun gama rabe su. Ƙaramar jami'a ina za ta samu? Sai ta leƙa inda babu mai leƙawa. Su kociyoyin da bakinsu suke faɗa, dabara ana koya wa mutum, tsawo da ƙashi kuwa sai Allah.

Wannan maganar tasu ita ce ta warware min matsalar firij, don in dabara ana koyonta daga baya, gaggawar me ake yi da ɗan shekara 11?

Duba mana. Christian Okoye daga Inugu ya zo jami'ar Azusa Pacific a Kalifoniya a 1982 don jifan faifai, da Najeriya ta ƙi tafiya da shi gasar Olamfik ta 1984 sai ya huce haushinsa a kan ƙwallon da bai taɓa bugawa ba, yana da shekara 23. A 1987 ƙungiyar Kansas City ta NFL ta zaɓe shi a zagaye na biyu, a 1989 ya fi kowa gudu da ƙwallo a duk NFL, yadi 1,480. Ezekiel Ansah daga Accra ya je jami'ar BYU a 2008, sau biyu yana gwada ƙwallon kwando ana sallamarsa, ya koma tsere, sai a 2010 ya shiga wannan, ranar farko ko kayan bai iya sawa ba sai da aka nuna masa, a 2013 shi ne mutum na biyar da aka zaɓa a duk ƙasar. Margus Hunt ɗan Estoniya shi ma jifan faifai ya kawo shi jami'ar SMU. George Karlaftis gola ne a ƙwallon ruwa a Atina ta Girka, sai da mahaifinsa ya rasu yana da shekara 13 suka dawo Indiana sannan ya fara, ya yi Purdue ya tafi Kansas City. Jordan Mailata kuwa ko jami'ar bai bi ba, ɗan rugbi ne daga Sidni, Eagles suka ɗauke shi a 2018 bai taɓa buga wasa ko ɗaya ba a rayuwarsa, yau yana cikin waɗanda suka fi kowa iya tare wa kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, kuma da shi aka ci Super Bowl a Fabrairun 2025.

Su waɗannan duk sun tsallake shekarun da yaran nan ke yi suna gwara kai tun daga firamare, kuma masu binciken Boston ɗin a 2019 sun ce yawan shekarun da mutum ya yi yana wasan shi ne babban abun dubawa, duk ƙarin shekara 2.6 haɗarin CTE yana ninkawa. Ba lallai sai bugun da ke sumar da mutum ba, ƙananan nan na kullum da ba a ƙirgawa su ne ke taruwa. Sun kuma ce waɗanda suka fara kafin shekara 12 alamun sun fi saurin bayyana a jikinsu, kodayake akwai wasu masu binciken da suka duba ba su ga wannan bambanci na shekarun farawa ba, ana ta ja har yanzu. Ni dai lissafin ɗan kasuwa na yi, wanda ya fara a 14 ya rage shekara uku a kan wanda ya fara a 11, kuma kociyoyin jami'a da kansu suna hawa jirgi su je neman wanda ya fara jiya.

Ranar Laraba kocin yaran ya tare ni a wurin ajiye motoci, mutumin kirki ne wallahi, sa-kai yake yi ba a biyansa ko sisi, bayan ya tashi daga aiki yake zuwa. Ya ce ya ji yarona na da gudu, me ya hana ni kawo fom? Na zayyana masa su Okoye da Ansah ina jin kaina. Ya yi dariya ya ce shi tsoronsa ɗaya, yaron da bai koyi kayar da mutum yana ƙarami ba, lokacin da duk nauyinsu bai kai ya kawo ba, in ya zo farawa a sakandare zai haɗu da waɗanda suka ninka shi ƙarfi kuma bai san inda ake sa kai ba, a nan ake karya wuya. Wato dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya ce kuma wasan ba kamar da ba ne, Pop Warner tun 2012 ta rage haɗa jiki a atisaye zuwa kashi ɗaya cikin uku, a 2016 ta cire bugun farko da ake rugowa a yi karo ga ƙananan yara. Sai ya ƙare da wadda ta fi min zafi, ya ce ɗanka ƙafa shida da inci takwas zai yi kamar Mailata? Ya kalle ni daga sama zuwa ƙasa. Ni kuwa dama ba a sa ni a layin dogaye.

Yana da gaskiya ta wani ɓangaren, ba zan ɓoye ba. Waɗanda na lissafa an san su ne don sun yi nasara, sauran 'yan bas ɗin da suka kashe kuɗin iyayensu suka koma gida hannu rabbana babu mai rubuta sunansu. Kuma yawancin baƙin a gurbin da jiki ke aiki ake sa su, tare gaba ko farautar kwatabak, ba gurbin da sai ka karanta fili cikin daƙiƙa biyu ba. Sai dai da na dawo gida na tuna Tom Brady, mai Super Bowl bakwai, bai fara na kayarwa ba sai da ya shiga sakandare, Drew Brees ma na cire ƙyalle, wanda ba a kayar da kowa, ya yi har sakandare, kuma su biyun nan kwatabak ne ba ƙarti ba. Brett Favre, tsohon kwatabak da ya sha bugu sosai, a 2021 fitowa ya yi a talla yana roƙon iyaye kar su bar yara su fara kafin shekara 14. A Kalifoniya har ƙudurin doka aka kawo a Janairun 2024 na hana 'yan ƙasa da 12, gwamna Gavin Newsom ya ce ba zai sa hannu ba a bar wa iyaye, aka bar mana kuwa, ga shi nan a firij.

Su 'yan Ostiraliya kam sun fi kowa wayo, bari in ɗan ratse. Akwai gurbi ɗaya a wasan nan na mai ɗaga ƙwallo da ƙafa ya aika ta can nesa in an kasa ci gaba, fanta suke ce masa (ba na kwalba ba), sau biyar ko shida zai shiga fili a wasa kuma doka ta hana a taɓa shi yana bugawa. Su kuma can tun suna yara haka suke buga irin tasu ƙwallon. Nathan Chapman ya buɗe Prokick a Melbourne a 2007 yana gyara musu ƙafa yana turo su, daga 2013 zuwa 2017 kyautar Ray Guy ta gwanin fanta a jami'a shekara biyar a jere 'yan Ostiraliya ne suka ɗauke, Tom Hornsey, Tom Hackett sau biyu, Mitch Wishnowsky, Michael Dickson. Tory Taylor na Iowa wasan farko da ya taɓa halarta shi ne wanda ya buga a 2020, a kakar 2023 ya karya tarihin yawan yadi da ke ajiye tun 1938. Wasu da gemunsu suke zuwa, Oklahoma State ta taɓa ɗaukar ɗan shekara 29 a matsayin ɗan aji ɗaya, iyayen yaran nan 'yan 18 suna ta ƙorafi an cinye musu gurbi. Digiri kyauta, kai lafiya lau. Na ce wa yarona ko fanta za ka zama? Ya kalle ni kamar na zage shi.

Wanda nake tausayi shi ne dogon nan na Suwidin da ire-irensa, musamman namu na Afirka da iyayensu ke ganin tsuntsu ne daga sama gasasshe. Ana nuna musu hoton fili da ɗakin motsa jiki, shafi na uku kuwa ba na jin ana tsayawa a kansa. Tun Yulin 2021 an yarda ɗan wasan jami'a ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa, a Yunin 2025 kotu ta amince jami'a ta dinga raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekara, amma baƙo da bizar ɗalibi ta F-1 yake zaune, ita kuma ta hana aiki sai ɗan na cikin makaranta awa 20 a mako, in ya kuskure a kore shi daga ƙasar. Rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango na ƙwallon kwandon Kentucky sai da ƙungiyarsu ta je Bahamas a 2022 ya samu ya yi tallace-tallacensa a guje cikin mako guda tunda ya fita daga ƙasar Amurka. David Ojabo, haifaffen Najeriya da ya girma a Aberdeen ta Sikotland, ya fara wasan yana kusan 17 a wata makarantar kwana a New Jersey, a 2021 sau 11 yana kayar da kwatabak wa Michigan, abokan wasansa na karɓar kuɗin talla shi biza ta ɗaure masa hannu, ana saura 'yan makonni a yi zaɓen 2022 ana ganin zagayen farko zai tafi sai jijiyar agararsa ta tsinke a gaban masu kallon gwaji, ya zame zuwa zagaye na biyu, miliyoyi suka bi ruwa. Shi ma ya ci sa'a ne, a lissafin NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, cikin 'yan wasan jami'a ɗari waɗanda ke kaiwa NFL ba su kai biyu ba.

Ga kuma maganar sikila da ta shafe mu kai tsaye. Mai AS lafiyarsa ƙalau a rayuwar yau da gobe, amma atisayen Agusta cikin zafi da kaya a jiki ana gudu ba hutawa yana iya kayar da shi, Dale Lloyd na jami'ar Rice haka ya rasu a 2006, ƙarar da iyayensa suka kai ce ta sa daga 2010 NCAA ta fara gwada jinin 'yan wasan babban rukuni. Yarona AS ne irina. Wannan ban ma faɗa wa kocin ba, maman yara ce ta tuna min da daddare, ta ce "ka manta ko?" na ce ban manta ba, alhali na manta.

Ranar Alhamis da magariba na cire fom ɗin daga firij na zaunar da shi. Na ce akwai na cire ƙyalle, babu hular kwano babu kayarwa, ƙyalle ne a ƙugu in an fizge shikenan an tsayar da kai, gudu da kama ƙwallo da karanta fili duk a ciki ake koya, kuma ba wasan raini ba ne tunda an sa shi a Olamfik ta Los Angeles ta 2028, 'yan mata ma a sakandare sun ninka cikin shekara ɗaya sun haura dubu 40 a kakar 2023 zuwa 2024. Wannan na ƙarshen kuskure na yi da na faɗa, fuskarsa ta ƙara haɗewa. Na ce ka yi shi shekara uku, in ka kai 14 kana so har lokacin mu sake zama ni da kai da mamanka da likita. Ya yi shiru yana murza gefen rigarsa hawaye na son zubowa yana hana su, can ya ce "Abba to ka rubuta ka sa hannu, kar in kai 14 ka ce kuma sai 23 irin na Okoye ɗinka."

Na juya bayan fom ɗin na rubuta na sa hannu da kwanan wata, ya karɓa ya karanta sau biyu ya je ya manna a ƙofar firij da kansa. Maman yara na kicin tana jinmu, ta leƙo ta karanta ta ce ita dai ba ta ga inda aka ce ta sa nata hannun ba.